Abin da Ke Cikin Kwali: Tarihin Kokawar Windows da Linux a Makarantun Abuja

 

Duk wanda ya tashi a gidan 'yan kasuwa ya san abin da ake kira haɗin kaya. Idan wani kaya ya yi wuya a gari, sai dila ya ce ba zai ba ka katan ɗinsa ba sai ka haɗa da wani kayan da ya kwanta masa a sito. Ba ka nema ba, amma ka biya, ka kuma ɗauka. To irin wannan ciniki ne ake yi a kan kwamfuta fiye da shekara 40 ke nan, sai dai shi an iya ɗaurinsa sosai, har mai saye ba ya ma sanin kaya biyu aka sayar masa. Ka shiga Banex Plaza a Wuse 2 ka ce a ba ka kwamfuta, ba wanda zai tambaye ka wace babbar manhaja kake so a kanta. Za a kunna, tambarin Windows ya bayyana, a ce maka ga ta nan lafiya lau. Yadda aka yi haka ta zama al'ada shi ne abin da nake so mu duba yau, musamman wata kokawa da aka yi a nan Abuja a shekarar 2007, wadda jaridun Turai da Amurka suka yi ta yayatawa alhali mu da aka yi ta a ƙofar gidanmu da yawanmu ba mu ji labarinta ba.

Da farko dai, ita kwamfuta abu biyu ce. Akwai gangar jiki, wato ƙarfe da roba da gilashin da kake taɓawa. Akwai kuma babbar manhaja, wadda ita ce ke tayar da na'urar, ta haɗa allon rubutu da fuskar kwamfutar, ta adana fayil, ta ba sauran ƙananan manhajoji wurin zama. HP ko Dell ko Lenovo su ke ƙera jikin. Microsoft ke da Windows. Kuɗin lasisin Windows yana cikin farashin da ka biya wa sabuwar kwamfuta, amma ba a rubuta shi daban a rasiti.

Asalin abin ya faro ne a 1980, lokacin da kamfanin IBM ke gaggawar fito da ƙaramar kwamfutarsa, ya je wurin Bill Gates yana neman babbar manhaja. Microsoft ba shi da ita a lokacin, sai ya sayo wata daga wani ƙaramin kamfani a birnin Siyatil, ya gyara ta, ita ce ta zama MS-DOS. Wayon da Gates ya yi shi ne bai sayar wa IBM ita ɗungurungum ba, lasisi kawai ya ba shi, ya riƙe ikon sayar wa kowa. Kwamfutar IBM ta fito a watan Agustan 1981, wasu kamfanoni suka yi ta kwaikwayonta, kowannensu kuma sai ya bi ta shagon Microsoft. Daga baya sai Microsoft ya fito da wani tsarin ciniki mai ban mamaki: kamfanin da ke son ragi zai biya kuɗin lasisi a kan kowace kwamfuta da ya fitar, ko ya sa mata manhajar Microsoft ko bai sa ba. Ɗan kasuwa ya fahimci wannan nan take. In ka riga ka biya kuɗin kaya, ina dalilin ka sake biyan na wani ka ɗora a wurinsa? Sai da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sa baki, a watan Yulin 1994 Microsoft ya amince ya daina. Amma kafin nan an riga an share masa kasuwa.

A ɗaya gefen kuma akwai wasu mutane masu wani ra'ayi daban. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara aikin da ya kira GNU, da nufin gina babbar manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya duba asalin rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma kwafa ya ba maƙwabcinsa ba tare da an kira shi ɓarawo ba. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da aikin ya rasa, aka haɗa, aka samu abin da ake kira Linux. Su waɗannan mutane sukan nanata cewa maganarsu ta 'yanci ce, ba ta kyauta ba. Kana iya sayar da 'yantacciyar manhaja ka ci riba, abin da ba ka da iko shi ne ka kulle ta. A ranar 15 ga Fabrairun 1999 wasu daga cikinsu suka yi tattaki zuwa ofishin Microsoft a Kalifoniya suna neman a mayar masu da kuɗin Windows ɗin da aka haɗa masu da shi ba su nema ba, tunda takardar lasisin da kanta ta ce wanda bai yarda da sharuɗɗan ba ya nemi kuɗinsa. Microsoft ya ce su je wurin wanda ya sayar masu da kwamfutar. Masu kwamfutar kuma dama sun saba cewa a je wurin Microsoft.

To mu a Najeriya lamarin ya zo da wata fuska. Mafi yawan kwamfutocin da suka cika ƙasar nan bayan shigowar wayar salula a 2001 ba sababbi ba ne a kwali. Na hannu ne, Tokumbo, da ake saukewa a Otigba ta Ikeja a rarraba zuwa Abuja da Kano da Kaduna, ko kuma waɗanda masu gyara ke harhaɗawa da kansu. A kan irin waɗannan, faifan Windows ɗin da aka kwafa ake ɗorawa, a haɗa maka da Word da Excel da CorelDraw, duk a kuɗin aikin mai gyara. Rahotannin ƙungiyar BSA ta manyan kamfanonin manhaja na waɗancan shekaru sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ake amfani da su a Najeriya ba su da lasisi. Ka ga ke nan harajin da mutanen Kalifoniya ke kuka a kansa, talakan Najeriya bai biya shi ba. Wannan kuwa shi ya karya babbar hujjar masu Linux a wurinmu. Yaya za ka burge mutum da cewa taka kyauta ce, alhali ɗayar ma a kusan kyauta ya same ta? Shi kansa Gates ya taɓa faɗa a 1998, yana magana a kan ƙasar Sin, cewa in dai satar za a yi to gara a saci nasu, mutane su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Magana ce ta ɗan kasuwa tsantsa, irin ta mai ba da ɗanɗano.

Wanda ke sayen sababbi da yawa, da lasisi, shi ne gwamnati. An kafa hukumar NITDA a 2001. A wannan shekarar Leo Stan Ekeh ya fito da kwamfutar Zinox mai alamar Naira a allon rubutunta, ga kuma Omatek ta Florence Seriki. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin CANi, na samar wa 'yan Najeriya kwamfuta, musamman ma'aikata, a biya sannu a hankali, kuma Microsoft da Intel suna cikin abokan shirin tun daga tushe. Jikin na gida, cikin na Microsoft. Duk da haka masu Linux ba su zauna ba. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a watan Oktoban 2004, kamfaninsa kuma ya riƙa aiko da faifanta kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. A Legas wani kamfani mai suna Leapsoft ya fito da Wazobia Linux a 2006, da Hausa da Yarabanci da Ibo a ciki, tun kafin Windows ta koyi Hausa.

Ana nan sai maganar yara 'yan makaranta ta taso, a nan ne kuma Abuja ta shiga labarin. A 2005 Farfesa Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya sanar da shirinsa na OLPC, wato kowane yaro da kwamfutarsa, a kan dala 100 kacal. An nuna samfurinta a Tunis a watan Nuwamban wannan shekara, tare da Kofi Annan. Obasanjo yana cikin shugabannin farko da suka nuna sha'awa, har aka yi ta maganar Najeriya za ta ɗauki miliyan guda. Kwamfutar, mai suna XO, kore da fari ce, ba ta ɗauke da Windows, Linux ce a cikinta, ƙwaƙwalwarta kuma ta kamfanin AMD ce, ba ta Intel ba. Wato ta taka manyan kasuwa biyu a lokaci guda. A watan Maris na 2007 aka raba kimanin guda 300 a makarantar firamare ta LEA da ke Galadima, can kusa da Gwarimpa a kan hanyar Kubwa. Shi kuwa Intel ya riga ya fito da tasa, mai suna Classmate, ya kai gwajinta ƙaramar sakandaren gwamnati ta Jabi tun 2006, da Windows a kanta. Shi ma Microsoft a watan Afrilun 2007 ya sanar da cewa zai ba gwamnatoci Windows da Office na ɗalibai a kan dala 3. Makarantu biyu a gari ɗaya, tafiyar 'yan mintoci a mota, kowace da tutar da aka kafa mata.

Sai ga babbar kwangila. A ƙarshen watan Oktoban 2007 kamfanin Mandriva na Faransa, mai yin nasa nau'in Linux, ya sanar da cewa ya ci cinikin ɗora manhajarsa a kan Classmate guda 17,000 da za a raba wa makarantun Najeriya. An yi takara da Microsoft, Mandriva ya yi nasara, an ɗora manhajar, kaya sun kama hanya. Kwatsam a ranar 31 ga Oktoba shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya fito da buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, mai sayen ya sanar da su cewa zai biya kuɗin Mandriva kamar yadda aka yi alkawari, amma da kayan sun iso zai goge ta ya ɗora Windows. Bancilhon ya tambayi Ballmer me ya yi wa waɗannan mutane har suka sauya ra'ayi haka, ya ce a garinsu akwai sunaye da dama da ake kiran irin wannan abu.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan da hankalin kasuwa. Mutum ya sayi kaya, ya biya, ya gwada ya ce sun yi masa, sannan ya ce zai zubar ya sayi wasu. Ba a yin haka sai da dalili. Dalilin ya fito bayan 'yan kwanaki, lokacin da kafar labarai ta IDG ta ruwaito cewa Microsoft na tattaunawa da kamfanin TSC, wanda shi ke da aikin kai kwamfutocin makarantu, a kan yarjejeniyar ba shi dala 400,000 don ayyukan talla idan aka mayar da su kan Windows. Microsoft ya ce bai karya doka ba, ta Najeriya ko ta duniya, kuma irin wannan tallafin talla abu ne da aka saba. Ni dai a ganina ko da babu laifi a shari'a, akwai abin dubawa: kuɗin da ake maganar ba makarantu za su samu ba, ba kuma ragi ne ga gwamnatin da ke biya ba, ɗan tsakiya ne zai karɓa, shi kuma yaron da za a ɗora wa manhajar ba wanda ya shawarci malaminsa.

Abin da ya juya lamarin daga nan Abuja ya fito. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa a ƙarƙashin hukumar NCC don kai sadarwa inda 'yan kasuwa ba sa zuwa, shi ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin nan. A farkon watan Nuwamba asusun ya ce shi yana nan a kan Mandriva, ko da yake ya riƙe ikon sauyawa nan gaba in ya ga dama. Masu Linux a duniya suka yi ta murna, aka rubuta cewa Najeriya ta kori Microsoft. Mai kuɗi ya yi magana, ɗan kwangila ya ja da baya, kuma wannan abin a yaba ne.

Sai dai murnar ba ta yi nisa ba, domin ƙasa ta riga ta sauya a ƙarƙashin shirin gaba ɗaya. Obasanjo ya sauka a ranar 29 ga Mayun 2007, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau, maganar miliyan guda ta bi ruwa. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya shaida wa BBC cewa bai ga hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ba. A Galadima an sha fama da rashin wuta, sama da 40 daga cikin na'urorin sun lalace ko sun ɓace cikin 'yan watanni, ga kuma rahoton da ya fita a watan Yuli cewa wasu yara sun leƙa shafukan batsa, abin da ya sa aka sanya matattara. Amma akwai abu ɗaya da ya faru a makarantar da ya fi burge ni a duk labarin nan: yaran da kansu suka buɗe wani ɗan wuri da suka kira asibitin kwamfuta, suna kwance ta suna sauya abin da ya lalace. 'Yan firamare fa. Wannan shi ne ainihin abin da Stallman ke nufi, a bar mutum ya buɗe abinsa ya ga cikinsa.

Wata matsalar XO a Najeriya kuma a kan haruffanmu ta zo. Wani kamfanin 'yan Najeriya mai suna LANCOR, wanda ya ƙera allon rubutu na Konyin mai iya fitar da haruffan harsunan ƙasar nan, har da ɓ da ɗ da ƙ, ya kai OLPC ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas a ƙarshen 2007, yana zargin an kwaikwayi fasaharsa, yana neman dala miliyan 20. OLPC ya musa, amma kotu ta dakatar da rarraba na'urar. A watan Janairun 2008 Intel ya fice daga hukumar OLPC bayan 'yan watanni da shigarsa, a watan Mayu kuma Negroponte da kansa ya amince a riƙa ɗora Windows XP a kan XO.

Me ya hana Linux kama ƙasa a teburanmu bayan duk wannan? A nan nake ganin 'yan boko sun yi ta kallon sama, alhali amsar tana kasuwa. Kaya ba ya tafiya sai da mai gyaransa. Abin da ya sa direbobinmu ke son Toyota ke nan, ko a wane ƙauye ta tsaya akwai bakaniken da ya san ta. Yaron da ke gyara a Banex ko Emab, ko a titin Beirut a Kano, Windows ya koya a wurin ubangidansa, kuma maganin kowace cuta a wurinsa shi ne a goge a sake ɗorawa. Makarantun koyon kwamfuta na unguwa Word da Excel da CorelDraw suke koyarwa, su ne kuma mai ɗaukar aiki ke tambaya. Modem ɗin intanet da MTN da Glo da Starcomms suka riƙa sayarwa da manhajar Windows yake zuwa, firinta ma haka. Hatta masu buga littattafan Hausa a Kano, haruffa masu ƙugiya da suka dogara da su, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira tun a shekarun 1990, a cikin Word da PageMaker suka saba aiki da su. Wanda ya karɓi faifan Ubuntu daga gidan waya ya ɗora, ranar da sautinsa ya ɗauke ba shi da wurin zuwa. Gwamnati kuma ta sayi na'ura, ba ta sayi horon malamai da masu gyara daidai da yawanta ba. Daga baya Microsoft ya fito da fassarar Hausa ta Windows a zamanin Vista da Windows 7, ya toshe wannan ƙofar ma.

Afirka ta Kudu ta amince da manufar fifita 'yantacciyar manhaja a ma'aikatunta a 2007. A Abuja an karɓi baƙuncin taron Idlelo karo na 5 a watan Maris na 2012, wanda ƙungiyar FOSSFA ta masu wannan ra'ayi a Afirka ke shiryawa, an yi jawabai, an watse. Kamfanin Mandriva ya durƙushe a 2015. A Turai kotun ƙoli ta Italiya ta yanke a 2014 cewa wanda bai so Windows ba yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, amma a 2016 kotun Tarayyar Turai ta ce haɗa kwamfuta da manhaja a sayar, shi kaɗai ba zalunci ba ne.

Abin mamaki, Linux ta shigo hannunmu ta wata ƙofa da ba wanda ya tsare. Wayar Android ta farko ta fito a 2008, zuciyar Android kuwa Linux ce. Duk mai wayar Android ta Tecno ko Itel ko Infinix a aljihu, daga mai shayi har mai canji a Zone 4, Linux yake ɗauke da ita bai sani ba. Ba wanda ya yi masa wa'azin 'yanci, a cikin kwali ya tarar da ita, kamar yadda yayyensa suka tarar da Windows. Kuma haɗin kayan ya biyo ta nan ma, sai dai dilan ya sauya: a watan Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, babban dalili shi ne tilasta wa masu ƙera waya su haɗa manhajar bincikensa da Chrome in suna son shagon Play Store.

Yanzu maganar ta sake dawowa kan tebur ta wajen Tokumbo. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta zamani, abin da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Ofisoshin Turai da Amurka suna fitar da irin waɗannan, kuma mun san inda kwantenar ke sauka. Jikinsu lafiya lau, suna iya ɗaukar Ubuntu ko Linux Mint su yi wa ɗalibi aikin rubutu da lissafi da intanet na shekaru. Wanda zai saya wa ɗansa ko shagonsa irin wannan, ya tambayi mai sayarwa shekarar da aka ƙera ta, wace babbar manhaja ce a kai, da lasisi ko babu, kuma in ta ƙi Windows 11 wa zai iya ɗora masa wata a cikin filazar.